Gungumen Baƙi da Rumbun Goggo Balbara

Jama'a a gyara zama, mai hula ya cire, mai tari ya haɗiye abinsa. Ga Balbara 'yar Legente, Sarauniyar Bakin Kogin Olenyok, Uwar Ɗakin Sauro, mai haƙora huɗu kowanne da aikinsa, wadda ta gano kogin nan tun tana rarrafe, sai dai ba ta sanar da duniya ba, don ta ɗauka kowa ma ya gan shi.

Baƙi kam sun sha gano shi. Na farko sun zo da jirgin ruwa tun zamanin kakannin kakanni, sanyi da ciwo suka kwantar da shugabansu da matarsa a tudun bayan gari, suna nan har yau. Na baya-bayan nan masu awon ƙasa ne, sun zo Balbara tana yarinya. Ubanta ya tuƙa su lungu-lungu, yana faɗa musu sunayen rassan kogin, suna rubuta wasu sunayen daban. Da za su tafi suka kafa wani gungume a hancin gaɓa, dogo, miƙaƙƙe, ba kwari ba tsaga, suka buga masa farantin ƙarfe mai rubutu, suka ce za su dawo. Har yanzu suna hanya.

A nan ko tsinken sakace ba ya tsirowa. Itace daga kudu yake zuwa: ƙanƙarar da ta rufe kogi ta fashe, ruwa ya tumɓuko shi daga dazukan da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, ya zubar mana a gaɓa. Dokar ɗaya ce. Itacen da ke kwance na kogi ne, kowa ya samu ya ɗauka. Wanda ke tsaye na mutum ne, ko mai shi ya yi nisa. Saboda haka gungumen baƙi ya tsaya tun daga ƙuruciyar Balbara har furfurarta. An yi shekarun da mutane suka ƙona kujerunsu don ɗumi, ba wanda ya kai masa gatari.

Balbara ta auri Bahilai masunci. Mutum ne marar magana, abin da ya faɗa mata duka bai cika kofin shayi ba, amma ya haƙa mata rumbu a cikin daskararriyar ƙasa, mai zurfin da sai da tsani, ya rufe shi da azara guda mai kauri, ya bi da itatuwa da ƙasa. A ciki kifi da naman barewa suke shekara kamar jiya aka ajiye. Da Bahilai ya rasu, rumbun ne ya ci gaba da riƙe gidan. Da shi ta raini 'ya'yanta har suka tafi birnin Yakutsk suka koyi aiko gaisuwa ta waya. Da shi kuma ta raini ɗan ƙaninta, wanda makaranta ta gaji da shi kafin ya gaji da ita, wato mai ba ku labarin nan.

To, bara azarar ta tsage. Balbara ta sauka ɗauko kifi, ƙasa ta zubo mata a wuya, ta ɗaga fitila ta ga tsagar. In rufin ya rufta, ɗumin rani zai shiga, abincin shekara ya ruɓe, ita kuma sai dai ta tattara ta koma birni ta zauna a bene tana kallon bango. Ga shi ruwan shekarar bai yi ƙarfi ba, bai kawo komai ba sai ƙirare. Ɗan ƙanin nata kuwa yana garin Tiksi yana neman aikin da ba ya fatan samu.

Itace mai tsawon azarar ɗaya ne a duk bakin kogin, kuma yana tsaye.

Amma kogi ya daɗe yana cin gaɓar nan loma-loma, a ranin shekarar ya ci har gindin gungumen, ya fara karkata. Ba Balbara kaɗai ta lura ba. Kirgele, ƙanin mijinta, shi ma ya ƙyalla ido. Shi sandar eriya yake so, don talabijin ɗinsa ba ya nuna komai sai ɗigo-ɗigon fari kamar dusar ƙanƙara, wai ta waje ba ta ishe shi ba.

"Matar yaya," in ji shi, "na ga kina yawan kallon hancin gaɓa. Saurayi kika yi a can?"

"Na yi. Ya fi ka tsayuwa."

"Kada dai a tura shi. Ina da ido."

"Wanda ya tura, hannunsa ya bushe. Kai dai riƙe naka."

Kirgele yana da jirgi mai inji, sai ya je ya ɗaure shi a ƙarƙashin gaɓar, ya kafa tanti, ya zauna yana ciyar da sauro da jininsa. Balbara kwalekwale gare ta. Ta gangara ƙasa da wurin, inda ruwa ke juyawa ya ajiye duk abin da ya kwaso, ta jefa wa kogin gutsuren burodi da man shanu yadda aka saba, ta zauna tana ɗinkin taru.

Ran da gaɓar ta zube, ba gungumen kaɗai ta sako ba. Laka ta rufto cikin jirgin Kirgele ta cika injin, gungumen kuwa ya bi ta gabansa yana juyi, Kirgele yana kallo yana zagi. Balbara ta tare shi da ƙugiya, ta ɗaure, ta ja shi kan yashi. Ta haƙa rami don ta tsayar da shi ya zama nata. Ta kama kan gungumen ta ɗaga, ya kai gwiwa ya koma. Ta sake, bai ma kai gwiwar ba. Ta zauna a kansa tana haki.

Can sai ga Kirgele yana tuƙi da murfin akwati, laka har gira.

"Matar yaya, itacen nan a kwance na gan shi."

"Idonka lafiya lau."

"Na kogi ne ke nan."

"Na kogi ne. Bismilla, tsayar."

Ta tashi ta ba shi wuri. Kirgele ya tofa yawu a tafi, ya sunkuya, ya yi nishi irin na barewa mai naƙuda. Gungumen ya ɗan motsa don kunya, ya koma ya kwanta. Kirgele ya dafe ƙugu.

"Ya sha ruwa ne," in ji shi.

"Kai ma ka sha."

Suka zauna, ita a wannan kai, shi a wancan, sauro yana zagaya su. Kowa ya san in wani mai ƙarfi ya biyo ta nan, duka biyun sun tashi a tutar babu.

"Ina kake ajiye kifinka tun da ruwa ya ci rumbunka?" in ji Balbara.

"Wurin surukina."

"Yana ƙirga maka?"

"Har ƙaya."

"Ɓangaren hagu na rumbun yayanka babu komai. Tsohuwar azarar kuma, rabinta mai lafiya ya ishi eriya. Kama can."

Kirgele ya yi gunaguni cewa rabin azara rabin hoto ne, amma ya kama. Suka cicciɓa, suka tura gindin cikin rami, gungumen ya miƙe. Balbara ta zaro gatari ta sara alamar Bahilai a jikinsa, ƙasa da farantin baƙi.

Da ɗan ƙanin nata ya dawo daga Tiksi hannu rabbana, ya tarar gungumen ya zama azara, rufin ya zauna daram, farantin ƙarfen yana ƙyalli a saman kifi, Kirgele kuma yana kallon rabin hoto yana yabawa. Ya tsaya a bakin rumbun, ya buɗe hannuwa, ya yi mata kirarin nan da kuka ji a farko, har da ƙari: cewa ta ci tutar masu gano ƙasa da yaƙi, ya kamata a sa sunanta a taswira da manyan baƙaƙe.

Balbara ta ɗago daga ƙasan tsani, daskararren kifi a hammata.

"Rufe ƙofar," in ji ta, "ɗumi yana shiga."