Furen Kawu da fankata

Laifina na farko shi ne na tsoma yatsa. Na ga abu cikin akwatin gilashi yana ta rausaya kamar furen kabewa, na ce bari in taɓa. Ashe cizo yake. Yatsan ya kumbura, a idona dai ya kai kan akuya, na yi ihun da mutanen Bulabulin suka ji daga gidanmu na unguwar Mairi.

Kawu, ƙanen mamata, shi ya taho da abin daga Legas, inda ya yi shekaru yana aiki a shagon kifin ado. Ya ce sunansa animoni, dabbar teku ce, ba fure ba. Teku a Maiduguri! Garin da ruwan randa ma sai ya yi ɗumi kafin azahar.

Lokacin an fasa turakun lantarki a bayan gari, wata da watanni babu wuta. Sola ɗaya ce a gidan, kuma ita ke juya fankata. Kawu ya cire fankar daga ɗakina, ya dasa ta a bakin akwatin, wai ruwan kada ya yi zafi. Ni ɗan adam ina narkewa kamar man shanu, wani majina mai gashi yana shan iska. Kullum in na wuce sai na zage shi.

"Kai da ba ka da ido, ba ka da uwa a garin nan, me ka zo yi?"

Kaka ma ba ta son shi. Ta ce, "Wannan abu ko kuka ba ya yi, ko ƙwai ba ya yi. Ana cin sa ne?"

"Kaka, kallo ake yi," in ji Kawu.

"To ka kalle ni mana, ni ma ina motsi."

Gishiri na musamman da ake zuba wa ruwan akwatin ya ƙare, Kawu ya tafi Kano nemo wani. Ya nuna mini layi a jikin gilashin. Ruwa zalla zan ƙara in ya sauka, kuma kada in taɓa fanka. Na ce to. Bai kai tasha ba fankar ta koma ɗakina.

Kwana biyu ya ce zai yi, sai sojoji suka rufe hanyar Damaturu, ya yi biyar. Ranar ta uku abin ya tsuke, ya yi fari, ya saki dutsen da yake manne da shi. Nan tsoro ya kama ni. Na mayar da fanka da gudu, na kira Kaka.

Ta leƙa, ta taɓe baki. "Dabba in ta yi laushi kanwa ake ba ta. Haka kakanka yake wa shanunsa."

Na ga magana ce mai ma'ana. Na daka kanwa cikin tafin hannu biyu, na zuba. Ruwan ya koma kamar kunu. Kafin la'asar wari ya kori kajin maƙwabta.

Da Kawu ya dawo, ya tsaya da jakar gishirin a hannu, ya daɗe yana kallon akwatin. Na shirya ƙarya guda bakwai, bai tambaye ni ko ɗaya ba. Ya zubar da ruwan a kwata, ya ɗauko fankar da kansa ya ajiye a ƙofar ɗakina. Ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, daga baya ya koma Legas. Akwatin yana nan, Kaka tana zuba busasshiyar kuɓewa a ciki.