Yaya Sidi da Batirin Hanyar Dabaga

Ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar katkat, motar shiga sahara, a garaji, hantsi ya ɗaga, ƙanensa ya kira ni a salula. "Isufu, Yaya Sidi ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a wurin ban iya fitowa ba, sai da abokan aiki suka jawo ni ta ƙafa.

Ni da Sidi Mahamman tare muka yi tuƙi shekaru masu yawa, muna kai baƙi masu yawon buɗe ido cikin duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Yaya. Da tawaye ya tashi, baƙi suka ɗauke ƙafa, muka koma zaman inuwa. Abin da ya rage masa daga wancan zamani wata 'yar motar wasa ce da wani baƙo ya bar masa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, ana tuƙa ta daga nesa da telekomandi. Mutane sun yi masa dariya, magidanci da furfura yana bin abin yara. Bai kula ba. Sannu a hankali wasu direbobi suka samo nasu, muka riƙa haɗuwa da la'asar a rairayin kori, wato busasshen rafi, muna tsere. Yakan ce, "Gara mu yi gardama kan mota da mu zauna muna ƙirga abin da muka rasa."

Zafi ne babban abokin gabarmu. Motar kan yi gudu kaɗan sai cikinta ya ɗau zafi, wayoyi su fara wari. Yaya Sidi ya huda wa tasa ramukan shan iska, ya yanka gwangwanin sardin ya manna a jikin moter, wato injin, don ya janye zafin. Ko yana kan gaba a tsere, sai ya tsaya ya ɗora bayan yatsa a kai. "In yatsana bai iya zama ba, ita ma ba ta iya tafiya," haka yake faɗi, ya ɗauke abarsa ya bar mu da nasara.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ta ƙi. Rijiyoyin garake suka ja baya, ƙanwarsa Hajara da ke aure a Dabaga ta aiko cewa hatsinsu ya ƙare. Muka ɗora buhuna a katkat muka kama hanya. Ya saka 'yar motar cikin jaka, tare da wani sabon batiri mai ƙarfi da aka kawo masa daga Libiya, yana son gwada shi a faɗin korin can.

A lokacin ba a gama tone nakiyoyi daga hanyoyin arewa ba, kowane soja a tsorace yake. A shingen bincike aka ce mu sauke kaya duka. Rana ta take. Gefenmu wata mota ce cike da fasinja, mata da yara zaune a ƙasa, an jera bidon-bidon, jarkokin esansi, wato fetur, kusa da kayanmu. Garin sauri wani buhu ya faɗa kan jakar. Wani soja matashi ya zura hannu ciki, ya fito da telekomandi mai doguwar eriya, wayoyi suna reto. Ya ja da baya yana ihu. Daidai nan jakar ta fara huci, farin hayaƙi ya tuɗo.

Na ji ƙarar bindigogi ana ɗana su. Sarjan, babban sojojin shingen, ya daka tsawa, "Bouge pas! Kowa ya kwanta!" Na kwanta, bakina cikin ƙasa. Wata mata tana ta salati, ta danne ɗiyarta da jikinta.

Yaya Sidi bai kwanta ba. Ya ɗaga hannuwa sama, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Shef, batirin motar wasa ne, buhu ya fasa shi. Yanzu zai kama wuta, kuma esansi ne kusa da shi."

"Na ce ka kwanta!"

"Zan kwanta. Bari in kai shi cikin rairayi tukuna. In harbi ne, ka jira in ajiye."

Na ce, "Yaya, don Allah!" Ko waiwayowa bai yi ba. Ya sunkuya a hankali, ya ciro batirin da hannun dama, ga shi a kumbure kamar burodi. Ya taka yana nisantar mutane, bakin bindiga na bin bayansa. Bai kai inda yake so ba wuta ta tashi a tafinsa. Bai jefar ba, don iska na kaɗawa wajen bidon. Sai da ya ƙara taku, ya durƙusa, ya tura batirin ƙasa, ya bi da rairayi da hannun hagu har hayaƙin ya mutu.

Sarjan ya ce a nuna masa motar tana tafiya, in ba haka ba bariki za mu kwana. Tsohon batiri na cikin aljihun Yaya. Ni na saka, shi yana gaya mini wace waya ke shiga ina. Motar ta rarrafa ta zagaya tayar katkat, ta tsaya. Babu wanda ya yi dariya. Sarjan ya sauke bindiga, ya kwance gorar ruwansa, ya tsiyaye ta duka kan hannun Yaya Sidi. Kafin magariba hatsi ya isa gidan Hajara.

Yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Ya koyi riƙe telekomandi da sauran. Ban taɓa jin ya zagi sojan nan ba. In aka tayar da zancen yakan ce, "Yaron ya ga abin da nakiya ta yi wa abokansa. Ni ma da ni ne, tunanin harbi zan yi."

Ranar da na je duba shi a gadon jinya, numfashi na yi masa wuya, ya kama rigata. "Isufu, batiran motar nan suna cikin tukunyar ƙasa bayan ɗakina. Ka kwashe su kafin bazara, jikokina suna wasa a wurin." Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan. Washegarin jana'iza na kwashe su.

Allah Ya jiƙan Sidi Mahamman, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba uwargidansa Tamu da ƙanwarsa Hajara haƙurin rashi, Ya raya 'ya'ya da jikokin da ya bari cikin tsari da albarka. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshe. Amin.