Na mayar wa Baba Ilu takardarsa

A shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar fadama, har mutanen Haɗeja suka yi ta jera buhunan yashi don kare gari, a shekarar ne na ɗauki alhakin wani bawan Allah. Makon jiya na je sauke shi.

Mun tashi da asuba daga Jahun, ni da wani aminina, da takarda guda ta ajami naɗe a aljihuna. Kuɗin mota ya hau, har aminin nawa ya tambayi direba ko da karin kumallo a ciki. A Kafin Hausa muka sha kunu da ƙosai. Hanya wani wurin sumul, wani wurin sai salati. Dama da hagu shinkafa ce kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙugi, balbelu na bin shanu.

Ga asalin takardar. Baba Ilu tsohon masunci ne, kuma ladanin wani ƙauye a bakin kogi. Lokacin ambaliyar an tsugunar da shi da mutanen ƙauyensu a makarantar unguwarmu. A nan ya ba ni labarin 'yar ruwan da aka ce tana zaune a wani gurbi kusa da garinsu, mai gashi har gadon baya, wadda kakanninsa ke zuba wa nono kafin su jefa taru. Na rubuta a takardar nan. Daga baya wasu samari masu shirya fim suka roƙe ni, na karanta musu ba da izninsa ba. Suka shafe wata yarinya da hoda, suka yi mata jajayen idanu, suka sa wani tsoho mai suna Ilu yana durƙusa mata. Ƙarshen labarin kuwa suka yar da shi. Fim ya bi wayoyi har ƙauyen. Aka ce ladani na bautar iskoki, aka raba shi da kiran salla. Ni ban ji ba sai bana.

Da hantsi muka shiga Haɗeja, ƙamshin bandar kifi ya tare mu tun daga tasha. Muka hau babur zuwa mashaya, daga nan sai kwalekwale. Kacala ta toshe ruwan, ciyawa ce doguwa da ta fi mutum tsawo, muna ratsa ta kamar lungu. Da muka fito sarari matuƙin ya nuna wani wuri inda ruwa ya yi baƙi yana juyawa a hankali. Ya ce, "Ga ɗakin amaryar Ilu nan," ya yi dariya. Na sunkuyar da kai.

Mun iske Baba Ilu a ƙofar gida yana ɗinkin taru. Ya rame ƙwarai. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Malam, kai ne? Kashi na biyu ka zo ɗauka?"

Na durƙusa na ce, "Baba, gafara na zo nema."

Ya ce, "Gafarata ba ta da tsada. Amma ba a zaure aka zubar da ni ba."

Na gane nufinsa. Gab da azahar muka tafi ƙofar masallaci, inda liman da dattawa ke zaune a inuwa. Na faɗi ko ni wane ne da abin da na aikata, na buɗe takardar na karanta tun daga bisimilla har layukan da 'yan fim suka yar, inda Baba Ilu ke cewa: "Ubana ya ce aljannu gaskiya ne, Allah Ya ambace su. Amma ta gurbin nan iyayenmu ne suka ƙaga ta, domin ruwan wurin yana jan ƙafa, ya sha cin yara, tsoro kaɗai ke hana su zuwa. Zuba nono kuwa jahilci ne, ni na hana shi a gidanmu."

Liman ya miƙo hannu na ba shi. Ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya duba tsufan tawadar, ya jinjina kai. Wani dattijo ya ce a hankali, "Wallahi ni ma da ita aka hana ni wurin." Liman ya dubi inuwar bango ya ce, "Ilu, lokaci fa ya yi."

Tsohon ya dafa kafaɗata ya miƙe. Kabbarar farko ta fito da rawa, ta biyu ta haye kogi.

Bayan salla na damƙa masa takardarsa. Ya soke ta a hula ya ce, "Babu komai tsakaninmu, Malam, duniya da lahira." Ya sa aka ƙunso mana bandar tarwaɗa, na ƙi, ya ce ƙin karɓa sabon laifi ne.

Mun iso Jahun ana kiran magariba, na tsaya a bakin tasha na saurara har ladaninmu ya gama. Shekara arba'in ina rubuta labaran mutane, sai a tafiyar nan na san cewa labari ajiya ne, kuma wanda ya miƙa rabinsa ya yi ƙarya ko da bai ƙara harafi ba. Allah Ya yafe mana.