Yaya Ya Riga Ya Faɗa

Labbo manomin shinkafa ne a fadamar Zauro, kuma ko irin da zai shuka sai ya tambayi wansa Hammadu. Mukan tsokane shi cewa atishawa ma ba ya yi sai ya buga waya Gesse, inda Hammadu yake zaune yana aikin gwamnati. Dariya kawai yake yi. Hammadu ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya nemo masa auren Baiwa a Argungu.

Da Baiwa ta haifi 'yarsu ta fari, Rauda, aka yi taron suna a gidan iyayen Baiwa. Maza na zaune a ƙofar gida sai zancen allurar rigakafi ya taso. Hammadu ya gyara zama, ya ce su jikokin malamai ne, tofi da rubutu sun ishe su, ba a tsira wa jinjirin gidansu allura. Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Baiwa na yin arba'in ta nemi izinin kai yarinyar asibiti, Labbo ya hana. Yaya ya riga ya faɗa.

Rauda na wata uku tarin lala ya kama ta. Na gan ta, kuma har yau zuciyata na ƙuna: tari a jere babu jan numfashi, leɓɓanta su yi baƙi, nonon da ta sha ya dawo. Aka kwantar da ita a Birnin Kebbi da robar iska a hanci.

Ranar kwana huɗu Adawiyya, matar Hammadu, ta kawo abinci. Cikin tausayi ta tambayi Baiwa abin da ya hana su yin allurar, ai nata 'ya'yan huɗu babu wanda ya tsallake, babansu ne ma yake kai su a mota. Labbo yana tsaye yana ji.

Ya tarar da wansa a bakin ƙofar asibiti.

"Yaya, kai kac ce kar a yi."

"Gaban dattawa mi kaka so in ce? Su ce boko ya ɓata ni? Ban zaci za ka ɗauka da gaske ba."

Washegari da hantsi Rauda ta cika. Da aka jera sahu, Hammadu ya tako gaba zai ja sallar, tunda shi ne babba. Labbo ya kama hannun rigarsa, bai ko dube shi ba, ya roƙi mahaifin Baiwa ya sallace ta.