Katin Allurar Yayana

Ni ne na ɗauki katin. Na fara da wannan ne saboda na yi kusan shekara guda ina zaune kusa da yayana, ina jin yana tambayar kansa inda ya ajiye shi, ban ce uffan ba.

Yayana tsohon soja ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya ba ni shekara tara. Shi ya shiga soja, ni kuma na tsaya a aji huɗu na firamare na kama sana'ar albasa, ina saye a nan Illela da ƙauyukan kewaye ina ƙetara iyaka da ita zuwa Ƙwanni, wani lokaci har gaba. Sau biyu aka tura shi aikin kwantar da tarzoma a wasu ƙasashe. Kafin kowace tafiya, in ji shi, sai a jera su a bariki, hannun riga a naɗe, a bi su da allurai, wata a dama wata a hagu, a buga hatimi a wani kati mai ruwan ɗorawa. Ba mai tambayar ta mece ce. Da ya yi ritaya ya koma gidanmu na gado a Kalmalo, ya zuba takardunsa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado. Mutanen gari Saje suke ce masa.

A shekarun nan da nake magana, in za ka wuce Ƙwanni ka shiga ciki, akwai shingen ma'aikatan lafiya da ke neman katin allurar shawara. Mu 'yan albasa ba mu taɓa ɗaukar abin a maganar lafiya ba. Takardar hanya ce kawai. Kati ɗaya yakan ishi mutum biyar, wanda ya dawo ya miƙa wa mai tafiya, tunda babu hoto a jiki. Ka dai haddace sunan da ke ciki. Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoron allura. Wata rana na je Kalmalo, Yaya yana gona, matarsa ta shiga barka a maƙwabta, na jawo akwatin na zare katin. Na ce wa zuciyata aro ne, ai rabin sunan ma nawa ne, tunda na mahaifinmu ne. Shekara biyu ina wucewa da shi. Ma'aikatan har girmama ni suke yi saboda yawan hatimai. Daga baya wani direba ya roƙe ni zai yi tafiya ɗaya, na ba shi, shi ma ya ba wani. Da na bi sawu aka ce yana hannun wani mai goro da ya yi arewa. Na bar zancen, har na manta.

Ciwon Yaya a hankali ya zo. Mutumin da ke nome gonar gero shi kaɗai ya koma in ya yi kunya biyu sai ya nemi inuwa. Gaɓoɓi suka riƙa yi masa ciwo, wata rana gwiwa, wata rana kafaɗa, ga ciwon kai. Sai mantuwa kaɗan-kaɗan, ya kira sunan wannan ɗa yana nufin wancan. An je asibiti, an ce jini ya ɗan hau, an ba da magani. An sha sassaƙe, an sha rubutu. Yau da sauƙi, gobe babu.

Sai ya je Sakkwato tantancewar tsofaffin sojoji. A can ya gamu da waɗanda suka yi tafiya tare, ya tarar biyu ko uku daga cikinsu kuka ɗaya suke yi da shi. Ɗaya ya nuna musu a waya cewa wai ko a ƙasashen Turawa akwai tsofaffin sojoji masu irin wannan ƙorafi, wasu suna zargin sinadaran da ake haɗawa a ruwan allura don kada ta lalace ko don ta ƙara ƙarfi. Ya dawo da zancen a bakinsa. Na tambaye shi ko ya yarda.

“Ban yarda ba, ban ƙi ba,” ya ce. “Amma mi yas sa mu duka? Kuma wani da munka jera layi guda da shi, na gane shi, ƙato na, ya ƙara aure ma.”

Ni na raka shi wurin likita a Sakkwato, wata mata mai haƙuri da ba ta katse mutum. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce ta ji irin wannan zargi, amma ita ba ta san wani tabbaci a kansa ba, kuma ba za ta gaya masa abin da ba ta sani ba. Ta lissafa masa wasu abubuwan da za su iya jawo haka: hawan jinin kansa, zazzaɓin da ya sha yi a can, hayaƙi da magungunan feshi, abin da idonsa ya gani, da kuma shekaru.

“Baba, in katin yana nan, ka zo mini da shi,” ta ce. “Ba lallai ya ba mu amsa ba. Amma zan ga abin da aka yi maka da lokacin da aka yi, mu rage zato.”

“Shina nan,” in ji Yaya. “Cikin akwati, ƙarƙashin takardar sallama. Hannuna yas sa shi.”

Ina tsaye a bayansa riƙe da ledar magani. A nan ya kamata in yi magana.

Washegari ya zazzage akwatin a tabarma a tsakar gida. Ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya sake zazzagewa. An duba cikin rumbu, an duba tsofaffin kakinsa, matarsa ta kwashe kwanukan ɗakinta kaf. Ni ma na taya su nema. Wannan ya fi komai ci mini rai yanzu, na durƙusa ina leƙa ƙarƙashin gado da tocila.

“Malam, ko can bariki ka baro shi?” in ji matarsa.

“Ina ganin hannuna sa'ad da nis sa shi,” ya ce. “Ko kuwa ba a yi haka ba? To, in abin da nike gani sarai ba a yi shi ba, mi yar rage a kan nan?”

Daga ranar ya daina yarda da kansa. Da can shi ake kira in an yi gardamar iyakar gona ko burtali, domin ya san inda kowace tsohuwar gamba take, ya san wa ya dasa wace bishiya. Manoma da Fulani duk sun amince da bakinsa. Sai ya fara cewa a nemi wani. Ya daina jan sallah a masallacin ƙofar gida, wai kada ya rage wa mutane raka'a. Ko kasuwa ba ya zuwa shi kaɗai.

Ni kuma abin da na yi a wannan lokaci, ban san sunan da zan ba shi ba. Na zama babban mai zuga zancen allura. A majalisa, a tasha, ina cewa lalle ita ce ta gama da Saje, alhali ban san komai ba, ko sunan sinadarin ban iya faɗa ba. Ina jin so nake laifin ya yi nisa da ni. Wani maƙwabcina ya ce saboda maganata ya hana a yi wa 'ya'yansa rigakafi. Daga baya na je na ce masa ya bar bin bakina, ban san ko ya ji ba. Kullum kuma ina lallashin kaina cewa ai likita da kanta ta ce katin ba lallai ya ba da amsa ba. Gaskiya ne ta faɗa. Sai dai ba rashin amsar ke cin Yaya ba, na kuma sani.

Wata ranar bayan la'asar wani dattijon Bafulatani, abokinsa tun ƙuruciya, ya zo roƙonsa ya je ya nuna inda burtali ya bi ta gefen tafki. Yaya ya ce masa, “Ka yi haƙuri, kan nan ba shi da amana yanzu.” Dattijon ya saɓa sandarsa ya tafi. Muka rage mu biyu a zaure. Na faɗa masa ni na ɗauki katin. Ban tsara ba, na fara ta kan direba, na dawo kan akwati.

“Mi kac ce? Sake hwaɗi.”

Na sake.

“Ƙarƙashin takardar sallama kag gane shi?”

Na ce e.

Sai ya yi dariya, har da tari. “Ashe nan nis sa shi. Ke, uwargida, taho ki ji. Nan nis sa shi.” Bayan dariyar ya dube ni ya ce, “Tashi ka ba ni wuri, ɓarawon albasa.” Sati uku ko gaisuwata ba ya amsawa. Amma a cikin satin farko ya je ya nuna burtalin, aka kuma ce daidai ya nuna. Ya koma gaban sahu.

Da ya fara kula ni, abin da ya tambaya shi ne me ke rubuce a katin, tunda na yi shekara biyu ina buɗe shi. Na ce hatimai dai, shida ko bakwai, wani shuɗi wani baƙi. Shafin shawara kaɗai nake buɗewa, shi ɗin ma suna kawai nake dubawa. Ya girgiza kai. Mun rubuta wa tsohon wurin aikinsa ko suna da kwafi, har yau muna jira.

Ciwon gaɓoɓin yana nan, gajiyar tana nan. Mantuwar ma tana nan, ita ce ta sa ni rubuta wannan. Yanzu duk abin da ya ɓace masa, ni yake tambaya. “Ina hulata? Ka kai ta Ƙwanni?” Wani lokaci da murmushi, wani lokaci ban iya ganewa. Makon jiya tabaraunsa ne. Na gan shi a aljihun rigar da ya cire da safe. Na ga yadda idonsa ya fara yawo a ɗakin, irin na wancan lokaci. Na zaro shi a ɓoye na miƙa masa na ce, “Ni niɗ ɗauka, Yaya, na duba lamba a waya.” Ya karɓa yana faɗa, hankalinsa kwance.

Matarsa ta tare ni a bakin zaure.

“Alhaji ƙarami, na gane ka,” ta ce. “Likita ta ce duk mantuwar da yay yi a hwaɗa mata. In kai kana amshe laihi, mi za mu ce mata?”

Na ce ban sani ba. Ta ce in sani kafin ranar komawa asibiti. Saura kwana tara, kuma ni zan raka shi.