Hoto na Bakwai a Gwangwanin Mama Eulalie

Shekara talatin da ɗaya Mama Eulalie Mengue ta yi tana yi wa ƙwai taga. Aikinta ke nan a ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Abanda, a wata jami'a da ke Yawunde. In an tambaye ta sana'arta a coci ko a kasuwar Mokolo, haka take faɗa ba ƙari: "Taga nake yi wa ƙwai." Masu tambaya su yi ta dariya, ita kuwa ko a jikinta.

Daga wata gona a Obala ake kawo musu ƙwan, irin wanda zai iya ƙyanƙyashewa. Bayan ya kwana uku a injin ɗumi sai ta yanke ɓawon daidai faɗin farce, ta liƙe wurin da salatef. A ƙarƙashin tagar akwai wani tantani da jijiyoyin jini ke yaɗuwa a kansa, ja, sirara kamar saiwar albasa. A nan ake ɗora 'yar takardar da aka jiƙa da maganin da ake gwadawa, bayan kwana huɗu a ƙirga jijiyoyin da suka nufo ta. Maganin da zai hana su tsirowa Farfesa yake nema tun yana saurayi, domin ƙari, wato kumburin ciwon daji, ba ya girma a jikin mutum sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin da za su ciyar da shi. Shi ke kawo tunani, shi ke rubuta maƙala. Ƙirge kuwa na Mama Eulalie ne, ido a madubin ƙara girma, babban yatsa a kan ɗan ƙarfen da take dannawa, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Farfesa mutumin kirki ne, amma yana da wani ciwo da ba ya jin magani. Kowace Litinin da safe sai ya buɗe kwamfuta ya duba sau nawa masana suka ambaci maƙalunsa a duniya, sannan ya taho da labari tun daga bakin ƙofa.

"Eulalie, mun haura dubu biyu da ɗari uku! Wasu a Koriya sun ambace mu."

"Sun ce a gaishe ni?"

"Ke dai ba kya ɗaukar komai da daraja."

"To, mutanen da ko bobolon rogo ban taɓa ci da su ba? Matsa, Farfesa, ka tare mini haske."

Faɗa kawai take yi. A ranta tana jin daɗin abin ƙwarai. Ta san kowace lamba a cikin maƙalun nan sittin da wani abu daga yatsanta ta fito, ta kuma san baƙin da ke zuwa daga wasu jami'o'i sukan tambaya a nuna musu matar da ake kira idon Abanda. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu suna Duwala da iyalansu. Abin da ya rage mata wanda take tinƙaho da shi, sunan nan ne.

Tana da gwangwanin biskit da take ajiyewa a saman kabad. A ciki akwai hotuna goma sha biyu na tantanin ƙwai, waɗanda aka ɗauka tun shekarunta na farko. A bayan kowanne ta rubuta adadin jijiyoyin da ta ƙirga a lokacin, ta sa hannu. Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin, kafin ya taɓa ƙwai sai ta zaunar da shi ta miƙa masa hoto ɗaya. Ya ƙirga, ya faɗi lambarsa, sannan a juya. Ko ya dace ko ya faɗi, dole ya rubuta sunansa da lambarsa a ƙarƙashin tata. Wanda ya kuskure da fiye da uku, magana ɗaya take masa: "Koma wanke kwalabe, ɗana, idonka bai nuna ba." Akwai manyan likitoci yau a ƙasar da kunyarsu ke kwance a cikin gwangwanin nan.

Saura wata biyar Farfesa ya yi ritaya aikin sassaƙen ya taso. Wani itace ne na dajin kudu da tsofaffin garin su Farfesa ke dafawa, ɗalibarsa mai neman digirin dakta, Blandine Kemajou, ta shekara uku tana tace ruwansa. Ka'idar ɗakin ita ce mutum biyu su ƙirga kowane ƙwai, kowa shi kaɗai, kuma babu wanda ya san wane ƙwai ne ya sha magani sai Farfesa, da ke riƙe da takardar lambobin a aljihunsa. Da aka buɗe takardar, sai lissafi ya rabu biyu. A ƙirgen Mama Eulalie, jijiyoyi sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙwan da ya sha sassaƙe. A ƙirgen Blandine ba su ragu ba ko kaɗan.

"Sirancewa kawai suke yi, Farfesa," in ji Blandine. "Suna nan, sai dai sun koma kamar gashi."

"Kamar gashi! Ke da kika zo jiya, za ki ga abin da Madam Mengue ba ta gani ba?"

"Ni dai abin da na gani na rubuta."

"To za mu tafi da ƙirgenta. Ke kuma ki ajiye madubi, ki sake koyo. Ran Juma'a zan tura maƙalar."

Blandine ta miƙe. Ta tattara littafinta ta nufi wurin wanki. Mama Eulalie tana zaune tana jin su. Ta ga yadda fuskar Farfesa ke haske. Shekara arba'in yana neman wannan sakamako, ga shi ya zo masa a bakin ƙofar fita, kuma da yatsanta ya zo.

Sai dai akwai abin da ita kaɗai ta sani. Tun bara ta daina zura zare a allura, ta ce wa maƙwabciyarta ɗinki ne ya gundure ta. A coci ta koma rera waƙa da ka, littafin yana buɗe a hannunta don ganin mutane. Ciwon suga ya shekara tara a jikinta, kuma sau biyu likita yana ba ta takardar zuwa asibitin ido tana cusa ta a ƙasan jaka. Tsoro take ji, ba wani abu ba. In ido ya tafi, ba ta san wace ce za ta rage ba.

Ran Laraba da rana, da kowa ya fita cin abinci, ta taka kujera ta sauko da gwangwanin. Ta rufe ido ta zaro hoto ɗaya, ta ajiye shi kusa da taga inda haske ya fi yawa. Ta goge tabarau. Ta ɗauki gilashin ƙara girma da take ba ɗalibai, ta fara dannawa a hankali, tana bin hoton daga sama zuwa dama kamar hannun agogo, yadda take koya wa kowa. Ashirin da tara. Ta mayar da ƙarfen sifili ta sake. Ashirin da tara.

Ta juya hoton. Na bakwai ne. A sama ga rubutunta na ƙuruciya, tsaye, mai ƙarfi: arba'in da ɗaya. A ƙarƙashi sunaye takwas ne a jere, wani talatin da biyar, wani hamsin. Na ƙarshensu Blandine Kemajou, shekara uku da suka wuce, arba'in da ɗaya.

Ta daɗe a zaune. Ana soya ƙosai a bayan katanga, ƙamshin yana shigowa, injin ɗumi yana ta gurnaninsa. Babu wanda ya gan ta. Tana iya mayar da hoton ta rufe gwangwani, Juma'a ta zo ta wuce, Farfesa ya tafi ritaya da farin cikinsa, ita ma ta bi bayansa da sunanta cikakke. Ta yi wannan tunanin har ƙarshensa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma mutanen Koriyan nan da take yi wa ba'a suka faɗo mata a rai. Za su karanta, su yarda, su sayi ƙwai su ɓata shekaru suna bin abin da babu shi. Ta ɗauki biro.

Farfesa yana ofis yana gyara jimlar ƙarshe ta maƙalar lokacin da ta shiga. Ta ajiye masa hoton a kan allon kwamfutar, bayansa a sama.

"Mene ne kuma, Eulalie? Wa ya faɗi yau?"

"Karanta na ƙasa."

Ya matso da shi. A ƙarƙashin sunan Blandine akwai sabon layi, tawadar ko bushewa ba ta yi ba: Eulalie Mengue, ashirin da tara, da kwanan watan ranar. Ya karanta, ya koma sama, ya sake saukowa. Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Hoton ya tsufa. Ya koɗe."

"Bai koɗe ba. Kira yarinyar ta ƙirga maka shi yanzu."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Ƙila kafin nan. A sake duba duk abin da na ƙirga daga bara, hotunan ƙwan da muka ɗauka suna nan."

"Kin san abin da kika ɗauke mini kuwa?"

"Na sani, Farfesa. Nawa na fara ɗaukewa."

Ya koma kallon maƙalar. Tausayinsa ya kama ta, don ta san ba zai sake samun wata shekara uku ba. Can ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar, ya tambaye ta ko ta ga likita. Ta ce gobe za ta je. Ya ce ƙarfe bakwai zai zo ya ɗauke ta da motarsa, kuma kada ta kuskura ta yi masa gardama.

A asibitin ne aka nuna mata hoton cikin idonta a babban allo. Likitan ya ce suga ya sa sababbin jijiyoyi sun tsiro inda bai kamata ba, akwai allurar da ke tsayar da su, amma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba. Ta ƙura wa allon ido, ta ji babban yatsanta yana motsi a cinyarta shi kaɗai.

Ran Juma'a ba a tura komai ba. Ta iso da safe ta tarar da Blandine a wurin wanki, hannu cikin kumfa. Ta ciro ɗan ƙarfen ƙirgen daga aljihun rigarta ta ajiye mata a gefen famfo.

"Goge hannunki, 'yata, ƙwai sittin na jiran ki."

"Mama, ke fa?"

Mama Eulalie ta naɗe hannun riga, ta jawo kwandon kwalaben gabanta.

"Ashirin da tara na samu," ta ce. "Kin san dokar."