Zanen Goyo a Bakin Jaka

Ko yanzu da yarana suka tasa, in na ji ƙaurin waya tana ƙonewa sai ranar nan ta dawo mini. Ba na jin zan manta ta har in koma ga Allah.

Lokacin korona muna zaune a unguwar Najma a ƙasar Larabawa, can saman bene, a ɗakin da aka raba da katako. Maigidana aikin gadi yake yi, ni kuwa ina gida da 'yata ƙarama, ga tsohon ciki. Wata rana da azahar wuta ta tashi a gidan abincin da ke kallonmu. Na dinga zagaye ɗaki ina neman hijabi, ina neman takunkumi, yarinya tana kuka. Da na sauko titi na duba hannuna, ashe buta na ɗauko. Wutar ba ta iso mu ba, amma na ga irin shirmen da tsoro yake sa ni.

A ranar na zazzage jakar goyon maigida. Na sa fasfo da katin zama cikin leda, ruwa, dabino, maganin zazzaɓi, caja, kayan yarinya. Hijabi da silifa suka koma bayan ƙofa.

Ya dawo ya gani ya ce, "Hajiya, Umara za a tafi ba sallama?"

Na ce, "Malam, ka yi dariyarka, amma kada ka taɓa mini cajar nan."

Bayan na haihu lissafi ya canja. Yara biyu, jaka ɗaya, hannu biyu. Na lura duk matan gidanmu a keken jarirai suke tura 'ya'yansu su shiga lif, kuma na ji an ce in wuta ta kama ba a shiga lif. Sai na ninke zanen goyo na ɗora a bakin jakar, na ƙara wani ko da ɗaya zai jiƙe. Na riƙa gwadawa: jariri a baya, jaka a ƙirji, yarinya a hannun dama, hagu a ƙarfen matakala. Maƙwabta suna ganina ina hawa da sauka, suka ɗauka motsa jiki nake.

Ana tsakiyar gasar ƙwallon duniya, maigida yana can filin wasa wajen aiki, sai esin da ke sanyaya wani ɗaki a ƙasanmu ya kama da wuta da la'asar. Ƙararrawa ta ɗauka. Hannuwana sun riga sun san aikinsu. Na goya, na rataya, na kama yarinya.

A bakin matakala na tarar da maƙwabciyata, 'yar Indiya, ta tsaya da keken jaririyarta, babban ɗanta ya ƙanƙame mata ƙafa. Keken ya ƙi sauka, hayaƙi yana hawowa. Ba ma jin yaren juna. Na zaro zane na biyu, na dafa bayanta ta sunkuya, na ɗora mata jaririyar na ɗaure tamau kamar yadda uwata ta koya mini.

Na ce, "Yalla, mu je, bi ni."

Muka sauko muna tari, kowacce da ɗa a baya da ɗa a hannu. 'Yan kwana-kwana suka kashe wutar, ba wanda ya ji rauni. Maigida ya iso da gudu cikin kayan aiki, ya ƙirga mu da ido, ya zauna a gefen titi. Can ya ce, "Maman yara, akwai ruwa a jakar?"

Na ce, "Akwai, har da dabinon Umara."

Zanen bai dawo ba. Bayan kwanaki na gan ta a kanti da jaririyar a baya, ɗaurin ya karkace, na tsaya na gyara mata.

Har yau ni matsoraciya ce, ban warke ba. Abin da na koya shi ne in ba tsoron nan aiki tun ana zaune lafiya, kuma in zan shirya wa kaina, in sa na mutum biyu.